Abin da Baba Bai Yafe Ba

Cikin marka Allah ya karɓi Baba. Ruwan bana bai yi wa Bauchi da wasa ba. Sai a wuni ana yayyafi, shanya ba ta bushewa, lungunan Ƙofar Dumi duk sun zama caɓi, masu babur na faɗa da masu ƙafa a kan inda za a raɓa. Shekarar tsada ce kuma. Mace ta tafi kasuwa da kuɗin cefanen da ta saba, ta dawo da rabin leda tana leƙa cikinta kamar an zare mata wani abu a hanya. Kowa na kallon kowa. Ko gaisuwa mutum ya ja maka da tsawo, sai ka fara shirya abin da za ka ce in ya tambayi rance. A irin wannan shekara muka rasa mahaifinmu. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a koma. Allah ya sa can ta fi masa nan.

Ni ce mace tilo a 'ya'yansa, tsakanin Yaya da Auta. Inna ta riga shi da 'yan shekaru. Ina rubuta wannan da ɗan abin da na samu a ajin yaƙi da jahilci, don jikokinsa su san shi yadda yake, kada ya zama hularsa da tabaronsa kaɗai suka riƙe.

Ranar da aka kai shi, mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Goggo, ƙanwarsa, ta zauna a ƙofar ɗaki tana amsa gaisuwa, ni ina gefenta. Masu cewa mutumin kirki ne suna faɗa, kuma gaskiya suka faɗa. Wata tsohuwa da ta daɗe tana sayen takalmi a wurinsa ta share hawaye ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Bai taɓa cutata ba, bai kuma taɓa yi min ragi ba." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Wata kuma, da ban ma san daga wane ɓangare take ba, tana jan carbi tana bin rufin ɗakuna da ido, har ta tambayi ta kusa da ita ko gidan ya kai lungun baya. Na ji ta.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, Auta ya shigo da laka har idon sawu, ya durƙusa gaban Goggo. Ya ce akwai abin da ya faru kafin a yi sallar gawa. Liman ya yi shela kamar yadda aka saba, cewa duk wanda yake bin mamaci ya nemi babban ɗansa, wanda mamaci ke bi shi ma ya ji tsoron Allah ya zo. A unguwarmu in an yi wannan shela, shiru ake yi. Mai magana sai ya bari an watse, ya ja magaji gefe. Amma sai Baffan Baya ya miƙe a cikin sahu, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku shaida, Malam yana bina. Kuɗin gidan da nake ciki nasa ne, ban biya ba."

Bari in faɗi ko wane ne Baffan Baya. Ba jininmu ba ne. Makiyayi ne daga ƙetaren iyaka, can arewa da mu, wanda fari ya cinye wa shanu tun ina 'yar yarinya. Ya iso Bauchi da matarsa da 'yan fatun shanun da suka mutu, yana neman mai saye. Baba baduku ne, fata sana'arsa, a nan suka haɗu. Da Baba ya ga suna kwana a rumfar kasuwa, sai ya ba shi kuɗi ya sayi wani kango da ke manne da bayan gidanmu, a kan in ya samu ya biya. Ba takarda, ba shaida sai Inna. A can ya gina ɗakunansa na ƙasa, ya haifi 'ya'ya, ya aurar, yanzu jikoki ne marayu a gabansa. Mu muka sa masa Baffan Baya, matarsa kuma Dada.

Labarin Auta bai gama fita ba mata suka ɗauka.

"Tsoron Allah kenan," in ji matar liman.

"Tsoron Allah ko dabara?" in ji wata. "A gaban gawa fa ya faɗa, a gaban jama'a. So yake a ji kunya a ce an yafe."

"To in bai faɗa ba wa zai kama shi? Mai shaidar ta mutu."

"Shi ya sa na ce a bincika. Tsoho ba ya tona kansa a banza."

Goggo ta ɗaga hannu suka yi shiru. Ta ce wa Auta, "Yayanku me ya ce?"

"Ya ce Allah ya saka da alheri, za a zauna a duba."

Goggo ta juyo ta dube ni, ni ma na dube ta. Da ba gidan makoki ba ne, da mun yi dariya. A duniya ba maganar da Baba ya tsana kamar wannan.

Baba mutum ne da ba ya karɓar abu yadda aka miƙo shi. In an kawo masa fata, sai ya shinshina, ya ja ta da haƙori, ya ɗaga ta a rana, sannan ya tambayi mai ita abin da ya kashe akuyar. In an ba shi goro, sai ya ce, "Na mene ne?" Wani ɗan siyasa ya taɓa aiko wa dattawan lungu da shadda. Kowa ya karɓa ya yi godiya. Baba ya juya tasa, ya ce wa ɗan aiken, "Koma ka tambaye shi nawa ne, don na san ba kyauta ba ce, gara in ji kuɗin tun yanzu." Ko likita ya rubuta masa magani, sai ya sa an karanta masa sunan sau biyu, ya ce a tambayi wani likitan.

A zaure yake aiki, zaune a kan buzu, da basilla a hannu da zare a baki. Rediyonsa na rataye a ƙusa saman kansa, an ɗaure murfin batirin da tsinken fata. Ba ya jin waƙa. Labaran duniya yake ji, kuma ba shiru yake ji ba, amsa musu yake yi. A cikin labaran kuwa ba abin da ke sa shi ajiye basilla kamar a ce wata ƙasa ta je wurin maƙwabciyarta tana roƙon a sassauta mata bashi. Na sha kai masa abinci in tarar da shi a haka.

"Zauna ki ji," zai ce min. "Ga su nan sun sauka a filin jirgi. An shimfiɗa jan kilishi. Yanzu za ki ji an ce mu 'yan uwan juna ne, kakanninmu ɗaya, Bature ne ya raba mu."

Mai labarai ya faɗi abin da ya yi kama da haka. Baba ya kaɗa kai.

"To saurara. Ya ce mun yafe?"

"A'a, Baba. Ya ce za a kafa kwamiti."

"Kwamiti! Ki je ki dawo da kwanon nan shekara mai zuwa, za ki tarar kwamitin na shan shayi."

A wurinsa ya gama sanin halinsu. Ya ce in gwamnati ba ta son ta ce a'a, sai ta ce za ta duba. In aka matsa mata, sai ta ɗage ranar biya ta kira shi taimako, alhali igiyar ce aka ƙara wa tsawo, wuyan yana nan a ciki. In kuwa ka ji da bakinta ta ce ta yafe wani kaso, to ka jira, kafin damina ta zagayo za ka ji an ba 'yan kasuwarta wata hanya, ko wani rami da ake haƙar arziki, ko an goya mata baya a wani taro. Masu roƙon ma bai ƙyale su ba. Yakan ce, "Wanda ya karɓo kuɗin yana can ya gina gida a wata ƙasa. Mai tallan nono ce za ta biya, ita da ba a tambaye ta ba." Ranar da kuma aka ce tamu ƙasar ce ta je roƙo wurin manya, sai ya yi tsaki ya ce, "Ji yadda muryarsu ta yi laushi. Jiya da maƙwabci ya zo, ba haka suka yi magana ba."

A kan wannan suka taɓa yin faɗa da Yaya, faɗan da ya kai Yaya ya yi sati bai ci tuwon gidan ba. Yaya ma'aikacin gwamnati ne, ya daɗe a ofis, kuma ba wawa ba ne. Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko, yana zaune a zaure, aka yi irin wannan labari, Baba ya fara nasa. Yaya ya ce, "Baba, kuɗin nan fa ba na shugaba ba ne da zai yi kyauta da shi. Na jama'a ne. Asibitinmu ba magani, makarantarmu ba benci, sai a ce mu yafe wa wasu? In ka yafe wa wannan yau, gobe wancan ya zo. Dole a zauna a duba."

Baba ya ce, "Ban ce a yafe ba. Cewa na yi a faɗi gaskiya. In ba za ka yafe ba, ka ce ba zan yafe ba, mutum ya san inda dare ya yi masa. Amma ka rungume shi, ka kira shi ɗan uwa, ka sallame shi da za mu duba? Ya koma gida bai san ko ya shuka gonarsa ba ko ta zama taka?"

"Haka ake mulki, Baba."

"To Allah ya raba ni da mulki. Kai ma na ga bakinka ya fara kama da nasu."

Yaya ya ɗauki hularsa ya fita. Ina bayan ƙofa da tire a hannu. Baffan Baya kuwa yana zaune a bakin zauren yana murza igiya, bai ɗaga kai ba. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Sai daga baya na riƙa tambayar kaina me yake ji in ana irin wannan hira a gabansa.

Don ga abin da ya dame ni game da Baba, kuma zan faɗa ko da jikokinsa za su ji wani iri. Ya yi wa gidan Baffa alheri da ba ya lissafuwa. Duk sallah 'ya'yan Baffa da takalmansu sababbi, ɗinkin hannunsa, irin namu sak. Da Dada ta yi doguwar jinya, shi ya sayar da fatun da ya tara na shekara ya kai ta asibiti. Da wasu suka taso da maganar baƙi su koma ƙasarsu, Baba ya fito da buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar Baffa, ya wuni yana ɗinki a can, ba wanda ya iya matsowa. Duk wannan na gani da idona.

Amma bashin nan bai taɓa karɓa ba, bai kuma taɓa cewa ya yafe ba.

Sau biyu na san Baffa ya kawo kuɗi. Na farko ya yi kiwon raguna ya sayar lokacin layya, ya zo da kuɗin ƙunshe a gefen rawani. Baba ya ce, "Na tambaye ka? Mai da, ka sayi hatsi." Na biyu ɗansa ne ya aiko daga kudu. Baba ya ce, "Ajiye, in na buƙata zan yi magana." Baffa ya yi godiya ya tafi. Kuma kullum shi ne mai share ƙofar zaurenmu kafin Baba ya fito. Shi ne mai yanka ragon Baba da feɗe shi. In aka yi gardama a masallaci a kan wanda zai riƙe kuɗin gyara, Baffa yana bayan Baba, ko da a fuskarsa ka ga ba haka ya so ba. Ban taɓa jin ya ce wa Baba a'a ba, ko a kan ganin wata.

Inna ta taɓa yi wa Baba magana ina tsefe mata kai. Ta ce, "Malam, ka saki bawan Allahn nan mana. Ko ka karɓa, ko ka ce ka bar masa."

Ya ce, "Ke ba ki san mutane ba. Ranar da na ce na yafe, 'yan uwansa za su sauko daga can su ce gidan na dangi ne, su sayar su bar shi a titi. Sunana a kan gidan nan katanga ce."

Wata rana kuma da na tambaye shi, dalilin ya canza. Ya ce Baffa mutum ne mai kunya irin ta Fulani, in aka ce an yafe masa zai ga an mai da shi abin sadaka, ya daina shigowa. Wataƙila duka biyun gaskiya ne. Wataƙila kuma Baba yana jin daɗin ya buɗe ƙofa ya ga an share. Ni 'yarsa ce, ina sonsa, kuma shi ya koya min in juya abu in duba bayansa. Na juya wannan shekara da shekaru, ban ga ƙarshensa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ni nake wuni a wurinsa. Wata la'asar ya ɗan ji sauƙi, ya sha kunu, har ya sa na kunna masa rediyo. Na ga fuskarsa a sake, sai na yi ƙarfin hali.

Na ce, "Baba, maganar Baffa fa?"

"Wace magana?"

"Ta gidan. Ka ga Inna ba ta nan. In ka faɗa a gabana da Auta, shi ke nan an huta."

Ya zuba wa ledar ruwan da aka rataya masa ido. Can ya ce, "Bari a sallame ni. Zan duba."

Ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Na ga ya ji. Ya rufe ido ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na tallabo kansa ina ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Ashe ni ma gwamnati ne." Na jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Mai allura ta shigo, aka shiga wata hidimar. Ba a sallame shi ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an raba waina baƙi sun ragu, Baffa ya aiko Dada ta ce yana neman izinin ganin magada. Aka shimfiɗa tabarma a zauren Baba. Yaya ya zauna a kan buzun, Auta a gefensa, ni da Goggo daga ƙofar ciki. Baffa ya shigo ya cire takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙasa duk da an nuna masa tabarma. Ya tsufa ƙwarai, ban lura ba sai ranar. Hausarsa har yau da sauran harshen can a cikinta.

Ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji, na faɗa a gaban jama'a don kada Malam ya kwanta da nauyina, kada ni ma in kwanta da nasa. Yanzu ga ni. Ba ni da shanu, ba ni da ƙarfi. Yaran da ke gabana ba uba. In za ku yafe, Allah ya biya ku. In ba za ku yafe ba, ku faɗa min abin da zan biya, in san yadda zan yi."

Yaya ya gyara zama. Ya yi magana mai daɗi, wallahi mai daɗi. Ya ce Baffa uba ne a wurinmu, a hannunsa muka girma, ba abin da zai raba gidan nan da wancan. Ya ce amma dukiyar mamaci ba ta mutum ɗaya ba ce, haƙƙin magada ce, shi ba zai yi gaban kansa ba. Ya ce akwai kuma abin da sai malamai sun duba: shin kuɗi Baba ya ranta, ko kuwa fili ya saya ya ba da aro? Don in kuɗin wancan zamani ne, yau ko buhun siminti ba za su saya ba, in kuwa fili ne, to fili a bakin lungu yanzu magana ce babba. Ya ce za a sa mutum uku su zauna bayan arba'in.

Auta ya sunkuyar da kai. Yaya ne ke biya wa yaran Auta kuɗin makaranta, ba zai yi magana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yaya ya ci gaba. Ya ce ko da an duba, ba za a wulaƙanta Baffa ba. Akwai wani fili da ya sani can wajen Gubi, iska mai kyau, ga wurin kiwo, in aka daidaita sai a taimaka masa ya koma can, a yafe sauran. A nan na tuna ranar sadakar uku na ga Yaya a lungun baya da wani mutum mai igiyar awo, na ɗauka magudanar ruwa suke dubawa. Na tuna kuma ya daɗe yana cewa lungun nan ya dace da jerin shaguna. Ban ce Yaya mugu ba ne. Yana da 'ya'ya a jami'a, ritaya ta matso, albashi ba ya kai wata. Amma na san abin da kunnena ya ji.

Baffa ya ce, "Na gode. Sai dai abu ɗaya, Alhaji. Bangon ɗakin da yaran ke kwana ya tsage da ruwan nan, hannu na shiga. Na yi magana da magini zai zo ya tayar."

Yaya ya ce, "A dakata tukuna, Baffa. Kada a taɓa komai a gidan sai an gama magana, don kada a zo ana cewa an kashe kuɗi kaza a gyara. Ka tokare shi da itace."

"Ruwa fa bai ɗauke ba."

"In sha Allahu ba abin da zai faru."

Baffa ya dube shi, ya dubi rediyon da ke rataye a ƙusa, ya yi addu'a ya tashi. A tsakar gida Goggo ta kama hannuna ta ce, "Kin ji Yayanki?" Na ce na ji. Ta ce, "To ni ba na gado a nan, bakina ba shi da nauyi. Ke kina da shi." Da yamma na koma gidana a Fadaman Mada, na tambayi maigidana abu ɗaya: in ana bin mutum bashi, mai bin ya rasu, ɗaya daga cikin magada zai iya yafe nasa kason ba tare da sauran ba? Ya ce a iya saninsa zai iya, amma in tambayi liman. Ya ce, "Kin san Yayanki zai yi fushi." Na ce na sani. Ya ce, "Kin san kuma muna da buƙata." Na ce wannan ma na sani. Aka kwana ana ruwa.

Da gari ya waye na ɗora wa yara kunu, na yafa mayafi, muka hau keke mai ƙafa uku ni da maigidana zuwa Ƙofar Dumi. Muka biya gidan liman, na yi masa tambayar, ya ce haƙƙina ne. Na ce to ya taho ya shaida. Na leƙa na kira Goggo. Muka zagaya ta lungun baya muna tsallake ruwa.

Mun tarar da Baffa a tsakar gida yana ƙoƙarin kafa wani reshen darbejiya a jikin bangon, Dada na riƙe masa. Tabarmin yaran na shanye a kan igiya, sharkaf. Da ya ga liman sai ya saki itacen. Na san abin da ya zata: an zo tashinsa daga gidan.

Na durƙusa na gaishe shi. Muryata ba ta da ƙarfi tun asali, sai da liman ya ce in ɗaga. Na ce, "Baffa, abin da Baba ke bin ka, ko kuɗi ne ko fili ne, duk yadda malamai suka yanke, ina da kaso a ciki. Nawa kason na yafe maka, duniya da lahira. Ga liman, ga Goggo, ga maigidana."

Bai yi godiya ba. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake wa fata a rana.

"Alhaji ne ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba."

"To me za a ce in yi?"

"Ba komai."

"Ba komai," ya maimaita. "Ɗiyata, na daɗe a duniya. Ki faɗa min yanzu, ya fi min sauƙi."

"Wallahi ba komai, Baffa. Ko gaisuwa ka ga dama ka daina amsa min."

Dada ta sa gefen zane a fuska. Baffa ya juya wurin liman ya ce, "Malam, to nata kason ina ya faɗa? Zaure ne ko madafa? Don in san inda zan taka da ƙafar dama."

Liman ya yi murmushi ya ce ai ba a raba ba tukuna, kasonta na cikin ko'ina, ba mai iya sayar da taku ɗaya na gidan nan yanzu sai da yardar Baffa.

Na ce, "In ana tambaya, a ce wannan bangon ne nawa. Na ba shi. A kira magini."

Wayata ta fara ruri a cikin jaka. Na duba, Yaya ne. Wani ya riga ya kai masa, a lungun nan ba a rasa mai kaiwa. Na mai da ita jaka tana ta yi, na miƙa wa Goggo ta riƙe min. Na naɗe mayafina a ƙugu, na ce wa Dada ta nuna min inda bokiti yake, don magini zai buƙaci ruwan kwaɓi.